Satifiket Tara

Kafinta ne ya zaɓa wa 'yarsa kwas na farko, shi ya zaɓi na biyu, har zuwa na tara. Bai gama firamare ba, bai san yadda ake kunna kwamfuta ba, amma shi ke zaɓe. Hanyarsa kuwa ɗaya ce. Ita za ta zauna gaban kwamfuta, shi ya tsaya a bayanta da ƙurar katako a gira, ya ce, "Gangara ƙasa, Uwata, nuna min takardar da suke bayarwa." In ya ga satifiket mai hatimi da zanen zinare a gefe, magana ta ƙare. In babu, ko daga sama malamin ya faɗo, ba ruwansa.

Uwata yake kiranta saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Shekarunta ashirin da uku, burinta ta iya gina shafukan intanet ta samu aiki da shi. Tun farko ta nuna masa kwas ɗin da take so: wata bakwai, ba takarda a ƙarshe, sai dai kowane mako a ba ka aiki ka gina da hannunka, wasu su duba su faɗa maka inda ka yi shirme.

"Wata bakwai ba takarda?" ya ce. "Karatun da ba takarda ai hira ce. Wuce."

Ta wuce. Ta yi na kwana goma, ta yi na mako biyu, irin waɗanda malami ke rubutu a bidiyo kai kana kwafa, a ƙarshe a yi maka tambaya goma ka canki amsa. Duk takardar da ta fito, Kafinta ya yanka katako mai kyau, ya goge, ya sa gilashi, ya rataye a falo. Baƙo bai isa ya sha ruwa ba sai ya ƙirga su.

Sai wani ƙaramin kamfani mai gina wa shaguna da makarantu shafuka ya nemi ma'aikaci ɗaya. Ta nema, aka kira ta gwaji, ta tafi da safe ranar Litinin. Kafin azahar ta dawo, ta ajiye jaka, ta zauna a bakin gado ba ta ko cire takalmi ba.

Uwarta ce ta tatsi zancen, ta kai wa mijinta shago. Manajar kamfanin ko kallon takardun ba ta yi ba. Ta ba ta kwamfuta, ta ce ga awa ɗaya, ta yi shafi guda mai fom, inda mai saye zai rubuta sunansa da lambar wayarsa ya danna maɓalli. Ba bidiyo, ba malami. Yarinyar ta rubuta layi huɗu, ta goge, ta sake rubutawa, har awa ta cika.

Kafinta ya jefar da guduma. Ya shigo falo ya sauke firam tara, ya cusa a buhu, ya saɓa a kafaɗa.

"Ina kuma za ka, Malam?" in ji matarsa.

"Zan je in ga wadda ta fi masu hatimi ilimi!"

Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani shagon magani. Mutum huɗu na aiki, fanka na juyi. Manaja mace ce siririya mai tabarau, ba ta kai shi shekaru ba. Ya zazzage buhun a kan teburinta.

"Ƙirga," ya ce. "Tara ne. Don ba mu da kowa shi ne za ki wulaƙanta min 'ya?"

Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta shafa kusurwar da yatsa.

"Wa ya yi wannan firam ɗin?"

"Ni na yi. Ba shi ya kawo ni ba."

"Aikin ya yi kyau. Baba, a ce yau wani ya zo shagonka ya ce ya iya kujera, me za ka ce ya kawo?"

"Me zai kawo? Ga katako, ga zarto. In ya iya, hannunsa zai faɗa."

"To katako da zarto na ba ta."

Wani daga cikin ma'aikatan ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

"Kai, me ake yi wa dariya?" Kafinta ya daka masa tsawa. "Sa'an ubanka ne ni!"

"Ba dariya ba ce, Baba," in ji Manaja. "Irin waɗannan takardun, yau kaɗai na ga sun fi talatin. Wanda na ɗauka ba shi da ko ɗaya, amma ya nuna min shafi uku da ya gina, suna aiki. Gurbin ya tafi. 'Yarka tana da kai, na gani. In ta gina abu da hannunta, ta kawo min in duba. Ban yi maka alkawarin aiki ba."

Ya kwashe kayansa. A matakala gilashi ɗaya ya fashe a cikin buhun, bai tsaya ba.

Da ya iso gida fushin bai sauka ba, sai dai ya rasa inda zai ajiye shi. Ya sami 'yarsa a gaban kwamfuta, ya sauke mata.

"Shekara ɗaya da rabi kina zaune gaban wannan abin! Me kike yi? Ashe kallo kike kamar mai kallon wasan kwaikwayo? Kin sa na je an yi min dariya a gaban yara!"

Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ranar ta miƙe tsaye.

"Ni na sa ka je, Baba? Wa ya zaɓa? Na nuna maka wanda ake aiki da hannu, ka ce hira ce. Sau uku ina dawo maka da shi. Na ukun ka ce in na ƙara ambatarsa za ka kulle kwamfutar a shago."

"Ke! Ni kike faɗa wa haka?"

"Uwata, rufa mana asiri," in ji uwarta daga bakin ƙofa.

"Inna, bar ni in gama. Awa ɗaya na yi ina kallon farin allo, mutum huɗu na kallona. Na san sunan komai, ban san ta inda ake farawa ba. Baba, kai da kake korar mai koyo in ya kasa riƙe zarto, me ya sa ni ka hana ni riƙewa?"

"Saboda ni ba ni da takarda!" ya ce. "Shekara talatin ina yi wa ofisoshi tebura, in na kai, a bakin ƙofa ake tsayar da ni. Na ce ke ba za a tsayar da ke ba."

"To an tsayar da ni."

Ya zauna a hannun kujera, ya goge fuska da hularsa.

"Na sa sunana a na wata bakwai ɗin," ta ce. "Ɗazu, da ka fita."

"Ba ki tambaye ni ba."

"Ban tambaya ba."

Ya dube ta, ya ce, "Me suka ce ki yi?"

Ta karanta masa. Aikin makon farko shafi ɗaya ne, daga farko har ƙarshe, ba kwafe. Wanda bai miƙa ba zuwa Lahadi, a cire sunansa.

"Su cire?"

"Su cire."

Ya yi ƙwafa, ya miƙe. Bai ce ta yi haƙuri ba, ita ma ba ta ce ta huce ba. A bakin ƙofa ya juya wajen matarsa.

"Daga yau har Lahadi, kada wanda ya aike ta ko nan da ƙofar gida. Wanki ma a bar shi, zan kai wa mai wanki."

Ya koma shago. Ita kuma ta ja kujera, ta buɗe sabon shafi, ta rubuta layin farko.