Dela a Hanyar Ɗa'ifa

Tun da motar ta shigo lungunsu a unguwar Hindawiyya ta Jidda, Hajiya Dela ba ta yarda da ita ba. Doguwa ce fara mai ɗaki a ciki: ga gado, ga murhun gas, ga 'yar famfo, har da makewayi. Ta wani Bature ce injiniya, wanda surukinta Abdulwahid yake yi wa tuƙi a tashar jiragen ruwan Jidda. Unguwa ta yi mata caa, mata na leƙe ta taga, kowa na faɗin masha Allah. Dela ta dube ta sau ɗaya daga bakin ƙofa ta koma ciki. A ganinta, duk motar da aka saka wa gado ba don alheri aka saka shi ba.

Bayan la'asar 'yarta Mastura ta zo ta durƙusa a bakin ɗaki.

"Inna, gobe in Allah ya kai mu za mu Ɗa'ifa. Ki sha iska, ki ga birai a kan dutse, ki gaisa da Inna Rabi. An aro motar ne saboda gwiwarki, ki kwanta abinki har mu isa."

Dela ba ta dube ta ba. Mastura 'yar fari ce, ita kuwa Dela irin mutanen da ne. Shekara talatin da takwas ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, in za ta yi mata magana sai ta fuskanci bango ko buta. Suruki kuwa ba a ma zancensa: tsakaninsu gaisuwa ce daga nesa, kansa a ƙasa. Saboda haka ta fuskanci butar ta yi tambaya.

"Yaran fa?"

"Za su zauna wajen maƙwabta."

"Yawon shan iska, a bar yara a gida."

Mastura ta miƙe. Idonta jawur yake, ta ce albasa ce.

Rabi aminiyar Dela ce tun suna amare. Tare suka baro Haɗejiya a ƙafa su da mazajensu, tare suka tsinci auduga a Sudan, tare suka ƙetare teku a kwalekwale. Mazan sun rasu, Rabi ta bi ɗanta Na'ibi zuwa Ɗa'ifa, rabonsu da juna shekara huɗu. Ba wanda Dela take son gani a duniya kamarta. Amma ita ba yarinya ba ce da za a yaudare ta da alewa. Makon jiya da kunnenta ta ji Abdulwahid yana cewa gidan nan ya yi musu kaɗan. Bara kuma haka aka yi wa tsohuwar gidan Ubale maƙwabcinsu: aka ce za a kai ta ziyara Madina, aka dawo babu ita, aka bar ta a rubaɗi, gidan da ake tara tsofaffin matan da ba su da kowa. Da ta ga Mastura na cusa mata zannuwa biyar da bargo da maganin hawan jininta a jaka, sai ta gama lissafinta. Kai ta za su yi su ajiye. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da kwalekwalensu ya fara shan ruwa.

Abu ɗaya ta riƙe. Ta ji Abdulwahid yana gaya wa wani a ƙofar gida cewa hanyar Hada mai hawa Ɗa'ifa, wadda aka fasa dutse aka yi, ba ya hawanta in rana ta faɗi, kuma Baturen na son motarsa jibi. To, in haka ne da sauƙi. Ranar za ta cinye musu a hanya, a juyo da ita gida.

Suna sallame asuba suka tashi. Dela ta ƙi gadon, ta zauna a kujera daf da taga, carbi a hannu, kunne a gaba. Su biyun suna ta ƙus-ƙus da Larabci mai sauri, irin na 'ya'yan Jidda, wanda ya fi ƙarfin Larabcinta na kasuwa. Duk da haka ta tsinci abin da take nema. Sau biyu Abdulwahid ya ce kada a gaya mata.

Da suka iso Bahara, rana ba ta yi zafi ba tukuna, ta yi gyaran murya.

"A gaya wa mai tuƙi ina son shayi."

"Inna, ga murhu a mota, yanzu zan dafa miki," in ji Mastura.

"Ni ba na shan shayin da aka dafa kusa da makewayi."

Aka tsaya a wata gahawa ta bakin hanya, mai dogayen gadajen igiya inda direbobin manyan motoci ke hutawa. Aka kawo mata shayi a 'yar buta har cikin mota. Ta ce ya yi zafi, a bari ya huce. Da ya huce ta ce ya yi sanyi, a kawo wani. Abdulwahid yana tsaye a jikin motar yana duba agogo, yana goge wuya da gefen rawaninsa. Duk duba agogon da ya yi, sai Dela ta ƙara tabbatarwa. Mai yawon shan iska me ya haɗa shi da agogo?

Gaba kaɗan ta hango garken raƙuma da wata rumfar makiyaya. Ta ce ai an ce mata kallo aka fito, ita kuwa rabonta da nonon raƙumi tun Sudan. Aka tsaya, aka jira makiyayin ya kamo taguwa ya tatsa. Ta kurɓa sau biyu ta ce na Sudan ya fi. Sannan ta tsaya kallon wata tsohuwar hasumiya a kan tudu, ta ce a tambayo mata wanda ya gina ta.

"Inna, don Allah, yalla mu tafi," in ji Mastura. "Inna Rabi tana jiranmu."

"Rabi ta jira shekara huɗu, ba ta narke ba."

Mastura ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu. Mijinta ya ɗan girgiza mata kai, ta haɗiye. Dela ta gani ta gefen ido, ta ce a ranta, na kama ku.

Hantsi ya yi sosai lokacin da suka shigo Makka. Abdulwahid ya so ya zagaye ta bayan gari ya kama hanyar dutse. Nan Dela ta fito da babban makaminta, kuma ita kanta ta san ba mai iya tare shi.

"Yanzu ni za a wuce da ni ta ƙofar Ɗakin Allah ban yi salla a ciki ba? Wa ya san ko zan sake ganinsa?"

Ta faɗi haka ne don ta soke su, su san ta gane. Mastura ta fashe da kuka. Abdulwahid ya riƙe sitiyari, idonsa a kan hanya, ya yi mata magana kai tsaye, karo na farko a tafiyar.

"Hajiya, in kin yarda, a dawowa. Wallahi a dawowa zan tsaya, ki yi ɗawafi yadda kike so."

A dawowa! Wa za a dawo da shi? Dela ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

"A gaya masa azahar zan yi a Harami."

"Ɗayyib," ya ce a hankali. "Halas, shi ke nan."

Neman inda za a ajiye doguwar motar kaɗai ya ci lokaci. Daga nan suka taka, ita da gwiwarta, Mastura na riƙe da hannunta. Ta zauna a inuwa tana kallon Ka'aba har aka kira salla, ta yi nafila kafin, ta yi nafila bayan, ta sha zamzam ta sake sha. Kuma kada a yi mata ƙarya, addu'ar da ta yi ta gaske ce, da hawaye: Allah kada ka bari 'yar da na haifa ta yar da ni. Mastura tana gefenta ita ma tana nata kukan, kowacce ba ta tambayi 'yar'uwarta dalili ba.

Sun fito rana ta karkata. A Arfa ta ce ba ta taɓa ganin filin babu jama'a ba, a tsaya ta gani. Aka tsaya. Fili ne fetal, sai iska da wasu awaki biyu. A gindin dutse aka yi la'asar, ta ɗaga kai ta auna ranar, ta ga da saura. Lissafinta ya ɗan kuskure. Abdulwahid bai jira an ce masa komai ba, ya saka giya ya fara hawa.

Hanyar Hada ba wasa ba ce. Tana nannaɗe da dutse kamar rawani, hagu bango, dama rami mai zurfin da mutum ba ya son dubawa. Motar na nishi, tukwanen Bature na kaɗawa a cikin kabad. Iska ta sauya ta yi sanyi, hazo na sauka a kan duwatsu. A wani lanƙwasa mai faɗi motoci biyu sun tsaya, birai sun cika bakin hanya, manya masu jan gindi da mata goye da 'ya'ya, ana jefa musu abinci.

"Ga biran da aka ce za a nuna mini," in ji Dela. "Ko shi ma ƙarya ne?"

Aka tsaya. Ta sa aka ba ta gurasar da suka yi guzuri, tana gutsura ƙanana tana jefawa ta taga, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Wani ƙaton biri ya haye kan motar ya zauna yana sosa ciki, ta yi dariya har da tafi. Ita kaɗai ta yi dariyar. Da gurasar ta ƙare ba ta da sauran dabara, ta jingina da kujera, jikinta ya mutu. Ta yanke a ranta cewa duk inda suka tsaya, in ba ƙofar Rabi ba ce, sai dai su ciccibe ta.

Ƙofar Rabi ce. Ta gane itacen rumman da ke leƙowa ta kan katanga, wanda ta gani a zuwanta na ƙarshe. Amma an shimfiɗa tabarmi a waje, maza na zaune a jere, ƙafafunsu da ƙurar maƙabarta. Na'ibi na tsakiyarsu, ana miƙa masa hannu. Dela ta zauna a inda take, hannunta a kan ƙofar motar, ta kasa buɗewa.

Mastura ce ta sauko da ita ta shigar da ita cikin gida. Sharifa matar Na'ibi ta tare su a tsakar gida ta rungume Dela.

"Inna Dela, sai haƙuri. Ana idar da azahar Inna Rabi ta cika. Da la'asar aka yi mata salla, yanzu maza suka dawo."

Dela ta juya, ta dubi 'yarta a ido.

"Kin sani?"

"Na sani, Inna. Jiya Na'ibi ya bugo waya kantin unguwa, ya ce jikin ya yi tsanani, ke take ta kira. Ya ce kada a gaya miki sai kin iso, kada jininki ya hau a hanya. Ai kin san ba a faɗa wa babba irin wannan yana kan tafiya." Ta share fuska da gefen mayafi. "Sau uku na so in faɗa. Ban san ta inda zan fara miki ba."

Aka kai Dela ɗakin. An naɗe katifar, amma gadon yana nan a karkace, ba a jikin bango ba, an juyo da shi yana kallon taga. Sharifa ta ga inda take kallo.

"Ita ta sa aka juya shi tun asuba, wai don ta ga shigowarku. An ce mata da hantsi za ku iso. Duk motar da ta wuce sai ta ce, su ne? Har ta sa na dama muku fura." Ta yi ajiyar zuciya. "Me ya tsare ku haka? Motar ce ta lalace?"

Abdulwahid yana durƙushe a bakin ƙofar tsakar gida, ya shigo yi wa mata gaisuwa. Shi ya amsa, kansa a ƙasa.

"Eh, ta ɗan ba mu wahala a hanya. Haka Allah ya ƙaddara."

Matan suka ce Allah sarki, haka mota take. Dela ta ji an rufa mata asiri tsaf, ba wanda zai taɓa sani, kuma yaron da ta wuni tana zargi shi ya rufa. Wannan ya fi mata komai zafi.

"Motar lafiyarta ƙalau," ta ce.

Matan suka juyo suna kallonta.

"Ni ce na tsare su. Na sha shayi a Bahara, na sha nono, na tsaya ciyar da birai. Na zaci kawo ni za su yi su yar."

"Inna!" Mastura ta dafe ƙirji. "Mu? Mu yar da ke?"

Dela ta juya ga gadon. Ta taka a hankali ta zauna a bakin gadon, ta ɗora tafin hannunta a kan igiyoyinsa. Daga nan ana ganin titi sarai, har kwanar da suka shigo ta cikinta.