Haruffa Biyu a Sanarwar Kansila

Shekara ashirin da bakwai Jan Biro ya yi yana duba rubutu a maɗaba'ar bayan tasha, kuma ba takardar da ke hawa inji sai da 'yar alamarsa ja a ƙasa. Sunan ya bi shi har gida, matarsa ma in ya ɓata mata rai da shi take kiransa. Mutum ne da ko wasiƙar gaisuwa ka aiko masa sai ya nuna maka inda ka cinye waƙafi.

Ranar Talata da hantsi aka ajiye masa sanarwa daga ofishin kansila, kwafi dubu ake so kafin la'asar. Layi huɗu ce kacal: za a raba katin karɓar maganin ciwon suga kyauta na shekara guda "ga dukkan mutanenmu da ke unguwar nan". Ya karanta sau uku. Babu harafin da ya kauce, amma biron ya ƙi wucewa. Mutanen wa? Ya soke "mu", ya rage "mutanen da ke unguwar nan", ya tura wa mai inji.

Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga Kansila da kansa, da takardar a hannu. Jan Biro ya leƙa ta saman tabarau ya dubi mai inji, wanda nan take ya duƙufa yana goge abin da ba shi da datti. To, an san wanda ya buga waya.

Kansila ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa ya koyi riƙe fensir. Amma lokacin zaɓe Jan Biro ya faɗa a gaban mutane cewa ba zai dangwala masa ba, tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Yau kuwa har da rusunawa, har da tambayar jikin Inna, matar Jan Biro, mai fama da suga. Wannan ladabin bai kwanta wa tsohon ba ko kaɗan.

"Kawu, na ga biro ya taɓa mana haruffa biyu."

"Sun yi yawa ne."

"Ai kalmar zumunci ce. Kowa namu ne."

"In kowa naku ne, cire ta ba zai rage muku komai ba. Me ya taso ka daga ofis?"

Kansila ya yi dariya, ya jawo kujera, ya ture tarin takardu da gwiwar hannu. "To bari mu yi ta a fili. Kati ɗari uku aka ba ni. Masu ciwon a unguwar nan sun fi dubu. Ko na so ko na ƙi, sai na zaɓa. Wa zan zaɓa? Wanda ya tsaya mini a rana, ko wanda ya yage hotona?"

"Wanda ciwonsa ya fi tsanani."

"Wa zai auna? Ma'aikacin da za a ba aikin ma nasa zai fara sakawa. Kawu, duk mai rabo yana da nasa, bambancin kawai ni ban ɓoye ba. Kuma riƙon alkawari ba halin kirki ba ne? Kai ka koya mini. Na ce musu in na hau ba zan manta da su ba."

"Da abinka za ka tuna da su. Wannan ba naka ba ne, riƙo aka ba ka. Kujerar nan an kafa ta ne domin wanda ba shi da kowa ya sami inda zai tsaya. In darajar mutum a babban yatsansa take, ranar da ya daina dangwale ya zama me?"

"In na bi taka, zaɓe mai zuwa na faɗi, wanda zai hau kuma ko kati goma ba zai raba ba. Ɗari uku su sha magani, ko kowa ya sha gaskiya?"

Abin haushi, maganar ba ta banza ba ce, kuma Jan Biro ya sani. Yana laluben amsa sai Kansila ya zaro wani abu daga aljihu, ya ajiye a kan takardar, daidai kan haruffan da aka soke. Kati ne kore, an riga an rubuta sunan Inna, an buga hatimi.

"Wannan ba ruwansa da maganarmu," in ji shi. "Uwata ce. Ko ka gyara ko ka bari."

Jan Biro bai taɓa katin ba. Ya dubi tawadar sunan, ya ga sabuwa ce, har ta ɗan shafa a gefe. Yau aka rubuta shi, wataƙila ma a mota. In don uwa ce, me ya hana a kawo shi gida tun makon jiya? In kuma ya bar gyaransa, katin zai kwana a teburin nan, ko zai koma aljihun da ya fito? Yaron ya ce ba sharaɗi, amma bai ɗauke yatsansa daga kan katin ba.

Sai ya tuna Inna da safen nan, tana ɗaga kwalbar allura ga hasken taga tana duba abin da ya rage, tana rage wa kanta ƙa'ida don ta kai ƙarshen wata, tana zaton bai gani ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

Masu irin aikinsa suna da yadda suke janye gyara: ɗige-ɗige a ƙarƙashin abin da aka soke, a rubuta "a bari" a gefe. Ya ja takardar, ya yi ɗigo biyu, ya sa alamarsa. Sannan yatsan Kansila ya ɗaga daga kan katin.

Ranar Alhamis da safe ya fito zai tafi aiki, ya tarar da maƙwabcinsa, tsohon direba, a gindin falwaya inda aka manna sanarwar. Katanga ɗaya ce tsakaninsu shekara ashirin. Suga ya ci masa ido, ƙafar hagu kuma ta kumbura har sai da aka tsaga masa takalmi. Kowa ya san motarsa ce ta yi jigilar 'yan ɗaya ɓangaren ranar zaɓe.

"Malam, dama kai nake jira. An karanta mini, amma wani abu ya tsaya mini a rai. Wannan 'mutanenmu' ɗin, har da irinmu?"

Jan Biro ya ɗaga kai ya dubi haruffan nan biyu a jikin takardar.

Direba ya yi murmushi, ya dafa kafaɗarsa. "Ka ga zargi irin nawa. Ni ma na ce wa iyali, a wurinku aka buga, ta hannunka ta bi. Da akwai wata manufa a ciki, ai da biron nan bai bar ta ta fito ba." Ya gyara tsayuwa a kan ƙafa mai lafiyar. "Asabar ne rabon. Ka ƙwanƙwasa mini da sassafe, mu tafi tare da mai ɗakinka mu kama layi, kada a riga mu."

Katin Inna yana cikin jakarta tun shekaranjiya, ta naɗe shi a leda don kada ya jiƙe.

"To," in ji Jan Biro. "Zan ƙwanƙwasa."