Ɗinki Huɗu a Rigar Kumatu

Kun gan ta, kada ku ce ba ku gan ta ba. A ajinku, ko a gidanku, akwai yarinyar da ke juya cokali cikin faranti ba ta kai shi baki, kuka kalle ta, kuka ce iyayin 'yan mata ne, kuka ɗauke kai. Wasunku har yabawa suka yi. Ni ma na yaba, kuma ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Mamanmu tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a gaban gida: keken ɗinki biyu, teburin yanka, da dogon madubi mai tsagewa a gefe. Duk sabon salon da ta ɗinka, ƙanwata ke sawa, a ɗauki hoto da waya a tura wa masu saye. Shekarunta goma sha shida. Kumatu muke ce mata tun tana rarrafe, har malaman makarantarsu sun ɗauka.

Wata rana wata mata ta rubuta a ƙarƙashin hoton: "Riga ta yi kyau, amma ku nemo mai jikin sa ta." Kumatu ce ta karanto mana da ƙarfi, tana dariya. Muka taya ta.

"To, kin ji dai," in ji Baba, wanda direban babbar mota ne, ranar ya dawo daga tafiya. "Ki rage wa tukunya hanya, ko mu ma mu samu."

Bayan mako biyu na koma kwaleji. Da aka turo mini sabbin hotuna, na rubuta mata: "Kai, Kumatu, kin yi kyau! Me kike sha?"

Mama tana da doka a shagonta, kuma duk wadda ta koyi ɗinki a hannunta ta haddace ta: tela ba ta magana a kan jikin mutum. Ki auna, ki rubuta, ki ja bakinki. In mace ta ƙara jiki ki saki riga, in ta rame ki rage, ba tambaya. Da wannan dokar ta riƙe mata masu yawa shekara ashirin.

Da ita kuma ta kusa kashe 'yarta. A wani gidan, yarinya in ta rame, kaya ke tona mata asiri: riga ta yi mata buhu, siket ya riƙa zamewa, maƙwabciya ta tambaya. A gidanmu ba a taɓa barin riga ta yi wa mutum yawa. Mama ta hango kafaɗa ta sauka, ta ce, "Tuɓe in kama miki," minti goma a kan keke, an gama. Kayan Kumatu kullum cif a jikinta.

Na dawo hutu bayan wata biyar. Da safe ina wanki, na juya rigar makarantarta ciki waje. A kowane gefe layin ɗinki huɗu ne, ɗaya a cikin ɗaya, kowanne da zare daban. Na ɗauke ta jiƙe na shiga shago.

"Mama, sau nawa kika rage wannan?"

Tana da fil a baki, ba ta ɗago ba. "Girma ne. Tsayi take yi."

"Tsayi ne ke cinye ƙugu? Yaushe rabon ki ga ta ci abinci?"

"Ta ce tana ci a makaranta."

"A makaranta kuma ta ce tana ci a gida. Na tambayi ƙawarta."

Mama ta zare fil ɗin daga bakinta. "Ke daga zuwa kwaleji kin zama likita? Ni na haife ta. Yarinya tana lura da jikinta, masu saye ma sun daina surutu."

Kumatu ta shigo, sanye da rigar sanyi a tsakar zafi. Yatsunta kamar ƙanƙara. Na ce ta zo mu sha shayi da burodi.

"Na ƙoshi, Yaya."

"Da me?"

"Yaya, don Allah." Ta juya ga madubi, ta kama fatar hannunta da yatsu biyu. "Ke ba ki ganin wannan? Dubi duk wannan."

Babu komai a wurin sai fata. Ita kuwa tana ganin abin, da gaske take gani.

Na yi abin da jahili ke yi: na zuba abinci, na tsaya a kanta, na yi mata tsawa. Ta ci loma biyar tana kuka, ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji tana amai. Daga ranar ta daina yi mini magana.

Kwana tara bayan haka, tana tsaye a kan kujera Mama na kama mata bakin wata doguwar riga, ta sulale ta faɗi. Kanta ya daki ƙafar keke.

Likitar da ta duba ta ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce bugun zuciyar ya yi ƙasa sosai, don jikin da aka hana abinci naman kansa yake ci, har da na zuciya. Ta ce ciwo ne, ba taurin kai ba, ba gayu ba. A tunani yake farawa, kuma yana kisa. Tsawa ba ta maganinsa.

"Ba wanda ya lura tana ramewa?" ta tambaya.

Mama ta dubi hannuwanta. "Ni nake auna ta, likita. Duk wata."

Mako biyar aka riƙe ta a asibiti. Yanzu tana gida, tana ganin likitar ƙwaƙwalwa duk Talata, da mai tsara mata abinci. Ba ta warke ba. Gashinta na zuba, ta rasa shekara guda ta karatu, kuma an ce zuciyar sai an ci gaba da dubawa. Jiya ta yi minti arba'in a kan rabin ƙwai. Muka zauna da ita, ba mu roƙe ta ba, ba mu kalli farantin ba, Baba yana ba da labarin tayar da ta fashe masa a kan gada. Ta cinye. Yau da safe ta kasa.

Taku tana nan, kun san wadda nake nufi, ko ma namiji ne. Ku daina ce mata ta yi kyau. Kada ku jira ta faɗi. Ku zauna da ita yau, ku ce kun damu, ku saurare ta ba faɗa, sannan ku kai ta wurin likita cikin makon nan, ko da za ta yi fushi da ku.