Hoton da Ya Ƙi Washewa

Tun a asibiti Kaka ta yanke hukunci. Da likita ya cire mata bandeji ya ɗaga yatsunsa, sai ta ƙirga su a gaggauce, ta ce yatsun ƙato ba abin kallo ba ne, ta mayar da idon ta rufe. Ta ce ba za ta sake buɗe shi ba sai a kan jaririn da aka haifa wa autanta a can ƙasar da yake aiki.

Shekaru ke nan da yanar ido ta lulluɓe mata idanu biyun. Da ƙyar da roƙo ta yarda aka yi wa na dama aiki. Na hagu an sa masa rana, amma ta faɗa a gaban kowa cewa babu wanda zai taɓa shi sai ta ga abin da na daman ya tsinana mata.

Haka muka shigo da ita gida, ni ina riƙe da hannunta, Baffa yana gaba yana ta ba da umarni. Aka zaunar da ita a kujerarta ta falo, aka saki labule saboda haske. Gwaggo ta zauna a damanta, maƙwabciyarmu mai sayar da turare ta shigo barka ta samu wuri a hagu.

"Ina mai digirin? Kawo allon nan naki," in ji Baffa.

Na ɗauko tabulet ɗina. Matar Baba Ƙarami, autan Kaka, ba ta turo hoton waya irin na kowa ba. Mai ɗaukar hoto suka kira da babbar kyamara, ta kuma turo hotunan yadda suke ba a rage musu nauyi ba, wai don Kaka ta ga har gashin girar jaririn. Sabis ɗin gidanmu kuwa ko saƙon murya sai ya yi nishi kafin ya kawo.

Na taɓa na farko. Abin da ya fito dishi-dishi ne, wani dunƙule mai ruwan ƙasa a tsakiyar fari, kamar ana leƙen mutum ta gilashin banɗaki. Na buɗe baki zan ce a ɗan jira, amma Gwaggo ta riga ta fizge tabulet ɗin ta kai shi gaban fuskar Kaka.

"Inna, buɗe! Ga shi nan, tubarkalla masha Allah!"

"Kai, wannan yaro da kyau yake," in ji mai turare, ko gilashinta ba ta saka ba.

Baffa ya leƙo ta bayan kujera ya ce, "Hancin gidanmu ne sak."

Babu hanci a wurin, babu ma fuska. Amma wa zai ga hoton jariri ya yi shiru? A gidanmu yabo ake fara yi kafin a duba.

Kaka ta buɗe idon a hankali. Ina kallon yadda ta matsar da kanta gaba, ta ja baya, ta ƙifta, ta sake ƙiftawa. Leɓenta na ƙasa ya ɗan motsa. Sai ta rufe idon, ta ture tabulet ɗin da bayan hannu.

"Bai yi ba," ta ce.

"Me ne bai yi ba, Inna?"

"Idon. Hazon nan dai da na sani, shi ne. Ku kuna ganin hanci, ni ko kai ban gani ba. Ku je ku gaya wa likitanku ya riƙe wuƙarsa, na hagun nan da shi za a binne ni."

Na ce, "Kaka, hoton ne bai gama…" amma muryata ba ta wuce haɓata ba. Falon ya riga ya kaure. Gwaggo tana cewa a kira likita, mai turare tana ba da labarin wata da aka yi wa aiki sau biyu. Baffa ya karɓe tabulet ɗin ya ce shi ya san maganinsa. Ya ɗaga shi sama wajen taga kamar mai duban wata, ya girgiza shi, ya goge shi da bakin riga, sannan ya danna wani wuri. Hoton ya rufe. Duk abin da ya sauko ya tafi, sai an faro daga farko.

Na ji kamar in fashe da kuka. Na karɓa, na sake taɓawa, na tsaya a bakin ƙofar kicin inda sabis ya fi ɗan kamawa. Dunƙulen nan ya dawo yadda yake. Na kashe duk abin da ke jan data a bayan fage, na roƙi Gwaggo ta kashe na wayarta, ta ce ita saƙo take jira. Na tura wa matar Baba Ƙarami cewa ta turo ƙaramin hoto ko da mara kyau ne. Saƙon ma ya tsaya a hanya.

Da na waiwaya, Kaka ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Hawaye yana bin gefen idon da likita ya ce kada ruwa ya taɓa.

Na zo na durƙusa a gabanta. Ban iya ɗaga murya a cikin manya ba, don haka na kama hannunta na matso kusa da kunnenta.

"Kaka, ni ma ban ga komai ba. Wallahi babu wanda ya gani."

"Takwara, kar ki lallashe ni."

"Ba lallashi ba ne. Hoton ne bai iso ba, yana hanya. Ki tambaye su."

Ido a rufe, ta juya kai wajen Gwaggo.

"Ke da kika gani, wace irin riga ce a jikinsa?"

"Fara ce, Inna, mai ɗan…"

"Shuɗiya dai," in ji Baffa.

"Ni kamar tawul na gani," in ji mai turare.

Kaka ta sauke mayafin. "Ku ji min 'yan banza! Ashe duk makafi ne a ɗakin, ni kaɗai aka kai asibiti. Takwara, miƙo."

Na riƙe mata shi da kaina, ban bar kowa ya taɓa ba. Ta buɗe idon ta ƙura. Dunƙulen yana nan yadda yake.

"Hazo ne har yanzu," ta ce. "Ga kuma wani sabon abu, ɗan zobe siriri yana ta juyawa a tsakiya. Shi ma a idona yake?"

Zoben jira ne, wanda ke nuna hoto yana saukowa. Bai kai ƙwayar wake ba, launinsa toka-toka, ni kaina sai na matso nake ganinsa.

"Kaka, kina ganinsa?"

"Ga shi nan yana zagaye kamar an ɗaure akuya. Har da ɗan giɓi a jikinsa."

"Ba a idonki yake ba, a gilashin yake. Wanda idonsa bai yi ba ba zai gan shi ba."

Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta dubi Baffa ta ce ashe haka ya yi furfura babu wanda ya gaya mata.

"To na hagun fa, Inna?" Gwaggo ta tambaya a hankali.

"A bar ranar yadda take. Ido ɗaya ba zai ishe ni jiran wannan abin ba." Ta mayar da kallonta kan tabulet ɗin, ta ƙwanƙwasa gilashin da farce. "Kai kuma, a ƙafa kake tahowa ne?"

Na riƙe mata yatsa kafin ta rufe hoton. Hannuna ya fara sagewa, na canza zuwa ɗayan, muka ci gaba da jira.