Ɓeran Keji na Tara

Shekara goma sha shida ina share kejin ɓeraye a ɗakin binciken nan, kuma doka ɗaya nake kafa wa kowa: uwa in ta haihu, ba a taɓa mata 'ya'ya sai bayan kwana biyar. In ta ji baƙon wari a jikinsu, cinye su take yi. Dakta, shugabar ɗakin, ta san haka sarai, ita ma ta sha yi wa ɗalibai faɗa a kai.

Aikinta a kan wata ƙwayar gado ce da maza kaɗai ke ɗauke da ita, daga uba sai ɗa. Ta ce ƙwayar tana goge wasu alamomi a jikin abin da zaren gado ke naɗe a kai, kamar mai goge allo, sai wasu umarnin jiki su farka, wasu su yi barci. Zarginta shi ne wannan gogewar ce ke sa ciwon dajin hanji ya fi cin maza. Shekara bakwai ta yi kafin ta samu ɓerayen da aka cire wa ƙwayar. Ana cikin haka aka gano cutar a jikin mijinta.

Sai wata annoba ta shiga ɗakin, ta bar mana namiji ɗaya tak, tsohon keji na tara. Malalaci ne na ƙarshe, ci da barci kawai. Mata huɗu na kai masa, da ƙyar ɗaya ta ɗauki ciki, shi kuma ya mutu abinsa kafin ta haihu.

Ranar Talata ta haifi shida. Na leƙa ta gilashi na ƙirga, na manna takarda a ƙofa, na tafi wanke kwalaben ruwa. Ina dawowa na tarar da murfin kejin a buɗe. Dakta ce, daga asibiti kai tsaye, ko safar hannu babu, tana juya jariran a tafinta tana duba ƙarƙashin wutsiya. Wallahi raina ya ɓaci, na daka mata tsawa kamar ba shugabata ba.

"Huɗu maza ne, Baba," ta ce. "Maigidana tambayata yake yi kullum, ina so in kai masa labari."

Na goga wa jariran tsohuwar shimfiɗar kejin ko warin zai ɓace, amma jikina ya riga ya ba ni.

Da safe biyu suka rage. Na duba su sau uku, duk mata.

Dakta ta daɗe tsaye a kansu, ba ta yi kuka ba, ni ne ma na juya baya. Wayarta ta yi ƙara a aljihu, mijin ne. Na ji muryarsa can ƙasa-ƙasa yana tambayar samarinsa, 'yan ɓerayen.

"Suna nan lafiya," ta ce. "Har sun fara motsi."

Ta kashe wayar, ta ce in wanke keji na tara in mayar da shi sito.