Allurar Malam da Gwiwar Baffa Jaji

Maigidana, Malam Uwaisu, tela ne. Shagonsa yana bakin hanya a Yalwawa, cikin Dutse. Shekarar da aka kawo shari'a aiki ya yi masa yawa, domin kowace mace hijabi take nema, har da 'yan makaranta. A wannan shekarar ce kuma hannunsa ya fara ciwo.

Da yatsu abin ya soma. Ya tashi da asuba sun sandare, ko buta ba ya iya riƙewa, ni nake zuba masa ruwan alwala. Sai hantsi ya ɗaga sannan su saki. Muka ce sanyi ne. Aka sha saiwa, aka shafa man shanu da tafarnuwa, aka yi ƙaho. Daga yatsu ya koma wuyan hannu, ya sauka gwiwa da idon sawu. A hankali taka keken ɗinki ya gagare shi, almakashi ma ya gagara, salla ta koma a zaune. Mutumin da bai kai arba'in ba, ni nake ɗaura masa mazagin wando.

Ƙaninsa Abdurrahim yana Jidda, yana tuƙa motar wani asibiti. Shi ya matsa aka kai Malam wurin wani likitan gaɓɓai a Kano. Likitan ya ce amosanin gaɓɓai ne, mai tsananin. Aka daɗe ana shan ƙwayoyi, sauƙin kaɗan ne. Daga baya ya ce akwai wata sabuwar allura da ba a samunta a nan, in ɗan'uwan zai iya. Abdurrahim ya ce zai iya. Ya riƙa aiko ta ta hannun masu dawowa daga Umara, a cikin ƙaramar kula cike da ƙanƙara.

Kafin a yi ta farko sai da aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ɗebi jini, aka karɓi kaki. Sannan likita ya sa aka kira ni ciki.

Ya ce, "Malama, ke kike jinya, ki saurara. Jikin mutum yana da masu gadi. Na maigidanki sun rikice, gaɓɓansa suke duka. Allurar nan kwantar da su take yi. To in mai gadi ya kwanta, kin san ɓarawo ba ya sallama. Tari, zazzaɓi, ko ƙurji, in kin gani ku dakata da allura ku taho. Kada ya zauna da mai tari. Kuma tasa ce shi kaɗai, ba a ba kowa."

Na ce to. Amma tun daga ranar gabana yake faɗuwa. Ko atishawa Malam ya yi sai na ajiye abin da ke hannuna na tsaya ina saurare.

Allurar ba ta son zafi, mu kuwa ba mu da firij. Maƙwabciyarmu Dorcas, Maman Sophia, tana da shi, da ɗan janareta, don zoɓo da ƙanƙara take sayarwa. Mutanen Filato ne, mijinta yana aiki a sakatariya. Ita ta karɓa ta ajiye mana a gefe guda. Kowace Juma'a da safe nakan je in karɓo ɗaya a cikin kofi. Malam ya goge cinyarsa da auduga, ya yi bisimilla, ya soka da kansa yadda aka koya masa. Ni nakan juya baya.

Ta yi aiki. Wallahi ta yi aiki. Wata safiya na ɗauko buta zan zuba masa, ya ce, "Kawo nan, Kubura, kin sauka daga muƙaminki." Ya riƙe da kansa. Ba a jima ba ya koma shago, na jiyo ƙarar kekensa daga cikin gida, na zauna a bakin murhu ina kuka. Ya je masallacin Juma'a da ƙafarsa ya yi sujada, jama'a suna gani. Magana ta zaga unguwa, ta fita gari, har ta kai Miga.

A Miga Baffa Jaji yake, ƙanin mahaifin Malam. Shi ya riƙe Malam tun yana ƙarami da uban ya rasu, shi ya kai shi koyon ɗinki, shi ya nema masa aurena. Da aka gama kaka sai ga shi da buhun gero da zabi biyu, yana dogara sanda. Muka gyara masa soro. Na durƙusa na gaishe shi, yana amsawa yana tari. Tarin ba mai ƙarfi ba ne, ɗan busasshe ne, irin na tsofaffi. Ya ce tsohon tari ne, tun lokacin da yake shan taba.

Washegari suna cin tuwo a soro, kwano ɗaya, ina tsakar gida ina jin su.

Baffa ya ce, "Uwaisu, miƙe in gani."

Malam ya miƙe.

"Durƙusa. Ikon Allah! Kai da aka ce mini sai an ɗaga ka kamar buhu." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Ni kuwa gwiwar nan tawa, bana ko kunya ɗaya ban iya nomewa ba. Yara na sa a gaba ina kallo. To, haka Allah ya so. Tsufa ba shi da allura."

Bai roƙa ba. Irin su Baffa ba sa roƙo. Amma duk wanda ya tashi a wurinmu ya san abin da aka faɗa. Ba a rowar magani. In ka sha ka ji daɗi, sai ka ɗiba ka ba na kusa da kai, balle wanda ya riƙe ka.

Ranar Alhamis da yamma Malam ya shigo ɗaki ya ce gobe in karɓo biyu.

Na ce, "Malam, likita fa ya ce taka ce kai kaɗai."

"Likita bai san Baffa ba."

"Tari yake yi. An ce ko zama kada ka yi da mai tari, ga shi kwano ɗaya kuke ci."

"To in raba masa kwano? In ce Baffa ga naka can, kada ka matso ni? Ke za ki iya faɗa masa?"

Ni da ko ido ba na haɗawa da Baffa.

Ya ce, "Mutumin nan ya goya ni a wuyansa daga gona zuwa gida. Yau ina tafiya da ƙafata, shi yana jan tasa, maganin yana bayan katangar nan, in ce masa babu? Da wane bakin?"

Na ce ko a kai Baffa asibiti a duba ƙirjinsa tukuna, yadda aka yi wa shi Malam. Ya ce Baffa bai taɓa kwanciya a gaban likita ba, in aka ce masa hoto zai ɗauka ana zargin sa da wata cuta, ya tattara ya koma gida da fushi.

Da safe na je wurin Maman Sophia na ce biyu.

Ta dube ni, ta kira ni da sunan 'yarmu Nana yadda ta saba, ta ce, "Biyu? Maman Nana, ko ke ma kin fara ne? Kin ga oga yana tsalle kin ce ba za a bar ki a baya ba?"

Na yi yaƙe na ce Malam ne ya ce.

Ta daina dariya. Ta ce, "Tsohon nan da nake jin tarinsa ta katanga?"

Na gyaɗa kai.

"Kai, Maman Nana. Ni ban yi karatun asibiti ba, amma wannan tarin ban so shi ba. In ce wuta ta lalata su? Sai ki ce ɗaya ta rage."

Na tsaya da kofi a hannu ina tunani. Amma ƙaryar Juma'a ɗaya ce, wata Juma'ar fa? Kuma Malam zai zo da kansa ya buɗe firij ɗin. Na ce ta ba ni kawai.

Haka aka yi ta yi duk ranin nan. Malam ya yi tasa, ya yi wa Baffa. In ya tambaye shi gwiwa, Baffa ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya yi maka albarka." Ni dai ban ga ya ajiye sanda ba. Na riƙa wanke kwanonsu da ruwan zafi a ɓoye. Na riƙa buɗe tagar soro, Baffa yana rufewa, wai iska tana shigar masa ƙirji. Malam in ya taso daga shago can yake zama, su yi ta hirar gona da mutanen da suka mutu, a ɗan ɗakin nan, ƙofa a saye. Ina tsakar gida ina jin tarin yana canza murya. Da busasshe ne, ya koma mai nauyi, kamar ana jan guga daga rijiya.

Da zafi ya shigo Baffa ya fara ramewa. Tabarmarsa kullum a jiƙe da gumi. Wata rana na je ɗaukar tsumman da yake tofa kaki, na ga jini. Na kai wa Malam shago, abin da ban taɓa yi ba, na buɗe masa a gaban keke. Ya daɗe yana kallo. Ya ce kada in gaya wa kowa, gobe za a je asibiti.

A asibitin Dutse suka ce tarin fuka ne, ya daɗe a kwance, yanzu ya tashi. Aka kwantar da Baffa, aka fara ba shi magani. Na ce wa Malam mu tafi Kano yau ɗin nan shi ma a duba shi. Ya ce wa zai zauna da Baffa? Kuma da wace fuska zai kalli likitan ya gaya masa ya raba allurar? Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ko tari ba ya yi. Allurar dai ya yarda ya dakata da ita.

Gaskiya ne, bai yi tari ba. Shi nasa ba ta nan ya zo ba. Zazzaɓi ne ɗan kaɗan da yamma, sai rashin cin abinci, sai ciwon kai. Muka ce gajiyar jinya ce. Da allura ta bar jikinsa yatsun suka fara komawa yadda suke, ga ciwon kan kullum ƙaruwa. Ranar da aka yi ruwan farko ya dawo daga shago ya tsaya a tsakar gida yana kallon Nana, 'yarmu, ya ce da ni, "Yarinyar nan ta gidan wa ce?"

Na ƙwalla wa Maman Sophia kira ta katanga. Mijinta ya fito da mota, muka kama hanyar Kano. Malam yana kwance a cinyata, wuyansa ya ƙage, yana ta maganar wani yadi da bai yanka ba.

Likitan gaɓɓan ya zo ya same mu a ɗakin da aka kwantar da shi. Na faɗa masa komai. Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba, ya dai cire tabarau ya murza idonsa. Ya ce cutar Baffa ce ta shiga jikin Malam, ta tarar babu mai tare ta, ta bi jini ta hau kai. Ya ce za su yi iya yinsu.

Muka yi makonni a can. Wata rana Malam ya gane ni, wata rana ya kira ni da sunan mahaifiyarsa. Baffa kuwa magani ya karɓe shi. Tsoho mai ƙashin noma, ya fara cin tuwo, aka sallame shi yana shan ƙwayoyinsa a gida. Ya matsa sai da aka kawo shi Kano. Ba su bar shi ya shiga ba, ya tsaya ta taga da ƙyalle a bakinsa, yana kallon Malam yana barci. Sannan ya ja sandarsa ya zauna a kan benci a baranda. Na durƙusa nesa kaɗan na gaishe shi.

Bai dube ni ba. Ƙasa yake kallo. Ya ce, "'Yar nan, kin san allurar nan ba ta taɓa yi wa gwiwata komai ba? Ko na rana ɗaya. Tun ta biyu na so in ce ya bari. To na ga yadda yake murna in ya zo da ita, yana goge mini cinya kamar wani likita. Na ce in na ce ba ta yi ba, zai ji kunya."

Na ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baffa." Na tashi na koma ciki, na riƙe ƙarfen gado da hannu biyu.

Bayan la'asar Malam ya buɗe ido, kuma a cikin hankalinsa yake, na gani. Ya nemi ruwa na ba shi a cokali. Ya tambayi Nana, na ce tana wurin Maman Sophia. Ya ce shago fa, na ce a rufe yake, ba abin da ya taɓa shi. Na ce masa Baffa ya zo, yana waje.

Ya ce, "Da ƙafarsa?"

Na ce da ƙafarsa.

"Gwiwar fa?"

Na ce, "Ta yi sauƙi, Malam."

Ya ce alhamdu lillahi, ya lumshe ido. Na zauna ina riƙe da hannunsa, yatsun sun kumbura sun lanƙwashe, ina jin zafinsu a tafina. Bai sake magana ba. Kwana biyu bayan nan, ana kiran azahar, Allah ya karɓi abinsa.