Yarinyar Da Na Gyara

Shekara goma sha tara ke nan ina zaune a kujera ɗaya a gidan buga takardu, kusa da taga, gaban kwamfuta. Aikina launi ne. Duk abin da za a buga, kalanda ne, katin gayyata ne, takardar tunawa da mamaci ce, sai ya bi ta hannuna kafin ya shiga inji.

A wurinmu akwai wata kalma da kowa ya san ma'anarta. Idan mutum ya miƙo hoto ya ce a ɗan gyara shi, ba ƙuraje yake so a cire masa ba, ba hula yake so a miƙe masa ba. Haska shi yake so a yi. Ba mai faɗa da bakinsa, kowa kunya yake ji, amma kuskura ka buga wa mutum fuskarsa yadda Allah ya yi ta, ka ga rigima. Wani tsoho ya taɓa dawo mana da kalandarsa yana kumfar baki, wai mun ƙona shi. Na dube shi, na dubi takardar, wallahi shi ne sak. Tun daga ranar na daina jiran a ce mini. Na haɗa abin a kwamfuta wuri ɗaya, na sa masa suna Gyara. Dannawa ɗaya, fuska ta yi haske, kowa ya tafi yana sa mini albarka.

'Yata ta fari shekararta takwas. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata. Ba sunan kaɗai ta ɗauko ba, har launin. Baƙa ce sosai, irin mai sheƙin nan. Ni da uwarta wankan tarwaɗa ne, ƙannenta biyu ma haka, ita kaɗai ta fita daban. A makaranta Gawayi suke kiranta. Yara sukan shafa hannu a damtsenta, sannan su duba tafinsu wai ko ya yi baƙi. Ba ta taɓa gaya mana ba. Uwarta ce ta lura ta daina fita wasa, kullum tana ƙunshe a ɗaki, ta tsare ta da tambaya har ta faɗi.

Ni mutum ne mai saurin hawa, ban ɓoye ba. Washegari na tafi makarantar na zazzage musu masifa tun daga bakin ƙofa, har da cewa a nuna mini iyayen yaran. Abin da na ƙara wa yarinyar ke nan: aka koma kiranta Gawayi 'yar mai faɗa. Malamar ajinsu, wata matashiya mai sanyin magana, ta bar ni na gama, sannan ta ce duka da tsawa ba sa cire irin wannan daga bakin yara. Ta ce ta duba duk littattafan da ke kabad ɗin ajin, babu yarinya ko ɗaya a ciki mai kama da 'yata, don haka ita za ta yi musu nasu littafin. Na yi tsaki a raina, na ce wannan ba ta san yaran zamani ba.

Ashe da gaske take. Mako shida tana riƙe Uwata bayan an tashi, ta zaunar da ita kan benci tana zana ta da fensir mai launi. Labarin ɗan gajere ne. Wata yarinya ce ake tsokana saboda baƙinta, har ta daina fita. Ran nan ƙanenta ya ɓace a kasuwa, yana kuka, mutane suna tambayarsa wa za a kira masa, shi kuwa ba abin da yake cewa sai a nemo masa yayarsa baƙar nan mai kyau. Da wannan kwatancen aka gano ta, ta zo ta ɗauke shi. Shi ke nan, shafi ashirin da huɗu.

Ranar da malama ta ba ni zanen in kai wurin aikinmu, na fara biyawa da shi gida. Muka shimfiɗa takardun a kan tebur. Kai, matar nan ta iya hannu. Ga Uwata nan da goshinta, da 'yar wushiryarta, da yadda take karkata kai idan tana sauraro. Baƙin kuwa ba ta rage ko ɗigo ba, sai da ta bi shi da shuɗi da ja a ƙarƙashi har yana ɗaukar ido. Yarinyar ta wanke hannu sau biyu kafin ta taɓa. Ta hana ƙannenta matsowa. Rabon da in ji dariyarta haka har na manta. Daga ranar kullum da safe sai ta tambaye ni saura kwana nawa, kuma ta riga ta gaya wa duk 'yan ajinsu cewa littafi yana zuwa, ita ce a ciki.

Aikin ya faɗo a mako mai cunkoso. Na ɗauki hoton shafukan na zuba a kwamfuta, na daidaita gefuna, na jera rubutu. Sannan na danna Gyara. Da zan iya cewa takardar ce mai shan tawada, na ji tsoron kada fuskar ta toshe, da na faɗa, kuma duk mai sana'ar nan zai yarda da ni. Amma ƙarya ce. Ban yi tunanin komai ba. Hannuna ne ya je inda ya saba zuwa, kamar yadda ƙafa take kai mutum gida. Na fitar da gwaji na duba, na ce ma sha Allah, ya yi kyau. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau, cewa na duba da idona na ga ya yi kyau.

Na kira malama na ce ta zo ta ga gwajin kafin a buga. Ta yi dariya ta ce, “Kai ne uban yarinyar, me zan zo in duba?”

Aka buga, aka ɗinke, aka yanke, aka rufe a kwali. Ranar Litinin da safe mota ta kai kwalin makaranta kai tsaye. Na nemi izini na tashi da wuri, ina tafe ina murmushi ni kaɗai, ina jiran a tare ni da tsalle.

Na sami Uwata zaune a dokin ƙofar kicin, ko kayan makaranta ba ta cire ba, littafin yana rufe a cinyarta. Uwarta ta ja ni gefe ta ba ni labari ƙasa-ƙasa. Wai malama a gaban aji ta buɗe kwalin, ta sa aka raba tun kafin ta duba. Wani yaro ya buɗe ya ce ai wannan ba Gawayi ba ce, an wanke ta. Wata ta ce ko littafin ma ya ƙi ta. Da suka kai shafin da ƙanen yake kiran yayarsa baƙa, ga wata fara-fara ta zo ɗaukarsa, sai ajin ya kaure da dariya. Malama ta bi tana karɓe littattafan, amma an riga an gani.

Na karɓi littafin na buɗe, sai a lokacin na ga abin da na yi. Goshin nata ne, wushiryar tata ce, amma yarinyar 'yar wani ce.

Uwata ta ɗago. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, “Baba, malama ta ce ba haka ta zana ba. A wurinku aka canza?”

Ni da bakina, saboda kalmar ta zauna mini a harshe, na ce, “Ba canzawa aka yi ba, Uwata. Ɗan gyarawa na yi.”

Ta kalle ni, kanta a karkace. Sannan ta ce, “Da ba daidai take ba?”

Na yi ta magana. Na ce kuskure ne, na ce inji ne, na ce ita ta fi kowa kyau, na rantse. Tana ta gyaɗa kai irin na yaron da ake yi wa faɗa yana jiran a gama. Da na gaji ta tashi ta shiga ɗaki ta cire kayan makarantarta.

Washegari na faɗa wa maigidanmu na wurin aiki gaskiya, ya ce in sake bugawa. Zanen malama na takarda yana nan, don haka na fara daga farko, na tsaya a kan injin da kaina har baƙin ya fito yadda yake. Na kai makaranta. Malama ta karɓa ta yi godiya, ba ta ɗaga ido ta dube ni ba, ni ma ban ga laifinta ba. Ta ce za ta ajiye tukuna, don idan ta raba yanzu yara za su ce ga na wanki ga na datti.

Na kawo wa Uwata nata kwafin. Ta buɗe shafi-shafi har ƙarshe, ta rufe, ta ce ta gode. Sannan ta kama hannuna ta kai ni falo, gaban bangon da muka jera hotuna. Akwai nata guda biyar a wurin: tana jaririya a hannun uwarta, tana rarrafe, ranar da ta fara makaranta, da wasu biyu. Duk ni na buga su, ni na sa su a gilashi.

“Waɗannan ma ka gyara?”

Na bi hotunan da kallo. Shekara takwas ina wucewa ta gaban bangon nan safe da yamma.

Ta ce ita ta ɗauka da can haka take, daga baya ne rana ta ƙona ta. Shi ya sa ta daina fita wasa. Wai tana jira ne ta koma yadda take a hoton, har takan zo ta kara hannunta jikin gilashin ta ga ko an fara samun sauƙi. Uwarta da ke tsaye bakin ƙofa ta juya ta koma kicin, na ji ta buɗe famfo.

Na durƙusa na ce mata gobe-goben nan zan kawo mata na gaskiyar, ta ga yadda take tun ranar da aka haife ta. Na yi alkawari.

Da safe da na isa wurin aiki ko gaisawa ban tsaya yi ba, na buɗe ma'ajiyar hotunan gidana a kwamfuta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. A sana'armu idan ka gyara hoton mutum, a kan na asalin kake ajiyewa, don ba wanda ya taɓa dawowa neman na asali. Haka na yi wa nata, duka. Wayar da aka ɗauki na jarirantakar da ita ta daɗe da lalacewa. Na gwada mayar da launin da hannu, na rage haske, na ƙara baƙi, sai fuskar ta fito toka-toka kamar ta marar lafiya. Na zauna ina kallon allon har aka zo aka taɓa kafaɗata ana tambaya ko lafiya.

Da na dawo tana bakin ƙofa tana jirana. Ta dubi hannuna ta ga ba komai. Na gaya mata gaskiya, ban samu ba, babu su. Na ce amma ga waya, yanzun nan zan ɗauke ta sabo, in buga shi babba, mu rataye a tsakiyar bangon.

Ta yi ɗan tunani. Ta shafa gaban rigarta, ta ce, “To. Amma ka gyara shi, Baba, kada ya bambanta da sauran.”

Ta je ta tsaya jikin bango, ta haɗa ƙafafunta, tana jira in ɗauka.